Gidan tarihi a cikin salula: doguwar hanyarsa zuwa Tasawa

A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka Tasawa tare da ayarin gishiri da ya gangaro daga Azbin. Kwanaki kaɗan ya yi, amma bai zauna wuri ɗaya ba. Ya shiga kasuwa, ya leƙa marina, ya ga ƙorai cike da soyayyiyar fara. Da ya koma gida ya fitar da labarin tafiyarsa a littafi mai juzu'i 5, da Jamusanci da Ingilishi, a 1857 da 1858, haɗe da zane-zane da taswirori. Tun daga lokacin mai karatu a Landan ko Hambug yana iya zama a kujerarsa ya zaga kasuwar Tasawa bai taka ƙasa ba. Ziyara daga gida ta daɗe da farawa ke nan, sai dai ta gefe guda ce: su ke kallo, mu ake kallo. Sai da aka shafe fiye da shekara 150 kafin yaron Tasawa ya sami abin da zai rama ziyarar da shi.

Kada a ɗauka kafin nan yaranmu ba su da wurin ganin kayan da. Wanda ya tashi a ƙauyukan Tasawa ko na Mayahi ya san ɗakin tsohuwa. Idan ka shiga daga hasken rana sai idonka ya ɗan jima kafin ya saba, sannan jere ya fara bayyana: ƙorai a cikin ragaya, babba a ƙasa ƙarama a sama, wasu da zanen wuta wanda hayaƙi ya rine; tasoshin da ba a cin abinci a ciki; faya-fayai da tabarmin kaba irin na Gulbin Kaba; a gefe kuma kwanonin langa masu furanni da suka shigo daga Kano a zamanin kuɗin gyaɗa. Kowane yana da labarinsa, mai labarin kuma tana nan zaune a bakin gado. Za ta ce wannan ta uwarta ce, da ita aka kai ta ɗaki. Waccan kuma shekarar yunwa ta so ta sayar, kakanku ya hana. Yaro ya kai hannu a buge masa, ya sake tambaya a ba shi amsa, ko a ce ya fita ya dame ta.

Ranar Sallah kuma fada ke fito da nata. Kakaki da algaita da tambari, dawaki da kayan ado, makaɗa suna jero sunayen sarakuna har su dangana da Birnin Katsina, inda gidan sarautar Haɓe ya baro a 1807 bayan jihadi ya yo arewa. Yaron da ke kan katanga yana kallo ba a ce masa darasi ake yi ba, amma yana komawa gida da sunaye a bakinsa.

Abu uku ne suke haɗe a ɗakin tsohuwa da ƙofar fada: kayan, da mai bayaninsu, da harshen da yaro ke ji. Da wannan mudu nake auna duk abin da ya biyo baya.

Gidan tarihi irin na zamani ya zo Nijar a watan Disamba na 1959, ana saura watanni a sami mulkin kai. Boubou Hama, malami kuma marubuci, shugaban majalisar dokoki a lokacin, shi ne ya tsaya a kai, aka ɗora Pablo Toucet, ɗan asalin Sifaniya, a matsayin daraktan farko. Dole a yaba musu, don ba su kwaikwayo ginin Turai mai duhu da shiru ba. Fili suka buɗe a tsakiyar Yamai mai faɗin hekta 24, da ƙananan ɗakuna farare masu adon shuɗi, da gidajen ƙabilun ƙasar da aka gina yadda masu su ke ginawa, da kejin zaki da kura da tafkin dorina. Mafi kyau duka, sun zaunar da maƙera da dukawa da masaƙa a cikin gidan suna aiki a gaban jama'a, yaro ya tsaya ya ga yadda fata ke zama jaka, ya tambaya a amsa masa da Hausa ko Zabarmanci. Daga baya aka kawo ƙasusuwan manyan halittun da da aka tono a Gadufawa, aka kawo gawar itaciyar Tenere, wadda ta rayu ita kaɗai a cikin hamada har wata mota ta kaɓe ta a 1973. Yau gidan yana ɗauke da sunan Boubou Hama.

Matsalarsa ɗaya ce, amma babba: tsakaninsa da Tasawa kusan kilomita 800 ne. Wa ke zuwa? Ɗan ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ɗalibin da ya ci jarrabawa aka tura shi babban birni, sai wanda wata lalura ta kai ubansa ya tafi da shi. Sauran sai su gan shi a hoton littafin lakwal, in littafin ya zagayo kansu. Abin ban takaici, Katsina na nan kudu, tafiyar da ba ta kai wuni ba, da hasumiyar Gobarau da ganuwarta. Gaba kaɗan ga Daura da rijiyar Kusugu, ga Kano da Gidan Makama. Nan ne tarihin Tasawa ya fi dangantaka. Amma iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta juya fuskar lakwal yamma, zuwa Yamai da Paris. Ƴan kasuwa suna tsallakawa kullum, darasi bai taɓa tsallakawa ba. Gidajen tarihin jiha da aka buɗe daga baya a Damagaram da Doso sun rage nisa, amma ban ga sun canja wa yaron ƙauye lissafi sosai ba, don kuɗin motar aji guda ba ƙaramin abu ba ne.

Da yake yaro ba zai iya zuwa ba, sai aka fara tunanin kai masa. Nijar ta yi gwaji biyu a shekarun 1960 waɗanda ya kamata masu zancen intanet na yau su waiwaya.

Na farko shi ne Radiyo-Kulob, da aka kafa a 1962. Tsarinsa mai sauƙi ne. Mai jagoranci, galibi mushen lakwal ne, yakan tara mutanen gari su saurari shiri a rediyo cikin harshensu, su tattauna, ya ɗauki muryoyinsu a rikoda, ya aika kaset Yamai, a tace a sa cikin shiri na gaba. Manomi yana jin muryar manomi ɗan'uwansa daga wata jiha tana fitowa daga akwati. Ba gidan tarihi ba ne, amma ya gano abin da manyan gidajen tarihin duniya suka daɗe ba su gano ba: hanya tana da zuwa da dawowa.

Na biyu talabijin ɗin makaranta ne, wanda aka fara a 1964 da taimakon Faransa, tun ƙasar ba ta da tashar talabijin ta jama'a. Ana shirya darussa a Yamai, yara a aji su kalla, wani mai kula ya ja musu tambayoyi bayan an kashe. A 1968 har aka gwada kunna akwatunan da hasken rana, abin da ba kasafai ake gani ba ko a ƙasashen da suka ci gaba. Masana daga waje sun zo sun gani sun yaba. Amma da Faransanci ake koyarwar, ajujuwan da ya kai kaɗan ne, yawancinsu a yammacin ƙasar, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin baitulmali. A ƙarshen shekarun 1970 kayan aikinsa suka koma harsashin Télé Sahel. A zamanin Seyni Kountché aka riƙa ajiye akwatin tele na jama'a a garuruwa, yara su yi cincirindo da dare, kuma ta nan da yawa suka fara ganin kokowar takobi da rawar wasu ƙabilun ƙasarsu. Kallo ne na abin da aka zaɓa maka, a lokacin da aka zaɓa maka.

A cikin waɗannan shekarun wani aikin yana gudana ba hayaniya. A 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda yanzu ake kira CELHTO, kuma a 1970 ta buga aikin Issaka Dankoussou kan tarihin Katsinawa bayan jihadi, wanda ya tattaro daga bakin masu shi. Cibiyar binciken IRSH ita ma ta tara kaset-kaset da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Wato an ɗauko muryar tsofaffi an adana. Amma inda aka adana ta nan ne dai inda aka ajiye zaki da dorina.

Salula ce ta karya lagon nisa. Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain, ya koma Airtel. Orange ya shigo a 2008, daga baya ya zama Zamani. Da wayoyi masu shafawa suka yi araha, saƙon murya na WhatsApp ya shigar da wanda bai taɓa zama a aji ba cikin harkar. Ta can gefen kuma, ranar 1 ga Fabrairu 2011 Google ya buɗe wani shafi da ke barin mutum ya zaga ɗakunan gidajen tarihi 17 na ƙasashe 9 daga kwamfutarsa. Ko ɗaya babu na Afirka. A 2015 British Museum na Landan ya sa aka ɗauki hoton ɗakunansa lungu-lungu aka ɗora. A watan Maris na 2021 Louvre na Paris ya saka bayanan kayansa fiye da 480,000 a intanet kyauta.

Annobar korona ce ta tona asirin wannan ci gaba. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Nijar, ba a buɗe ba sai farkon Yuni. Duniya ta cika da shawarwari ga iyaye: ku zaunar da yara su ziyarci gidan tarihi kaza daga ɗaki. A watan Mayu UNESCO ta fitar da rahoto cewa kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen tarihin duniya, waɗanda ta ƙiyasta sun kai 95,000, sun rufe ƙofa, kuma a Afirka da ƙananan ƙasashen tsibirai kashi 5 cikin 100 kaɗai ne suka iya nuna wani abu ta intanet. A daidai lokacin ɗaya daga cikin kayan tarihi mafi daraja na Nijar, mahayin dokin Bura da aka yi da gasasshen yumɓu, yana New York. IRSH ta ba da aronsa ga gidan tarihin Metropolitan domin baje kolin daulolin Sahel da aka buɗe a ƙarshen Janairu, sai annoba ta sa aka kulle gidan da shi a ciki. Yaron Tasawa zai iya ganin hotonsa a shafin Amurkawa da bayani cikin Ingilishi, in ya san sunan da zai nema.

Ya kamata a ga yadda ziyarar take a zahiri, don masu tallarta ba sa faɗa. Bayan isha'i ne, uba ya dawo, yara uku sun kewaye wayarsa, babban yana riƙe. An buɗe ɗakin Afirka na British Museum. Hoton ya fara zuwa dishi-dishi, ya ɗan tsaya, ya washe. Akwai kibiya a ƙasa, a taɓa ta sai ka yi tsalle gaba taku biyar. Yaron ya taɓa, ya tsinci kansa yana fuskantar bango. Ya juya da yatsa, ga akwatin gilashi da tufafi a ciki. Ƙaramar ta ce a matso, aka matso, ƴar takardar bayanin da ke jikin gilashin ta ƙi karantuwa, wadda ta karantu kuma da Ingilishi take, harshen da ko uban, wanda ya yi lakwal da Faransanci, ba ya ji. Mene ne wannan, Baba? Uban ya duba ya ce riga ce. Ta wa? Shiru. Kafin a kai ɗaki na biyu saƙo ya shigo cewa megan da aka saya ya kusa ƙarewa. An ce gani ya kori ji, amma a gidan tarihi ba haka ba ne. Ganin da ba ji a tare da shi kallo ne kawai, kuma yaro ba ya daɗewa a kansa alhali wasan ƙwallo da waƙa suna jiran yatsa ɗaya.

Ga kuma kuran. Wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara abin bai kai haka ba. Wutar yankin Maraɗi da Damagaram ta dogara da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a mayar ba sai Maris na 2024. A ƙauye waya tana wuni a wurin mai caji da farantin hasken rana, kuma ta maigida ce. Yarinya ita ce ta ƙarshe a layin riƙe ta.

Duk da haka ba zan ce a raina abin ba, don akwai inda ya yi rana. Yaron da ya ga ƙoƙon kan Nigersaurus, dabbar da ta rayu a ƙasar nan shekara wajen miliyan 110 da suka wuce, mai haƙora fiye da 500, wadda Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya raɗa wa suna a 1999, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya buɗe baki. Haka raƙuman dawan Dabus da aka sassaƙa a jikin dutse arewa da Agadas, babban ya haura mita 5. Hotunansu suna cikin tarin zanen duwatsun Afirka da British Museum ya fara ɗorawa daga 2013, kuma a halin tsaron yau ta waya ce kaɗai mafi yawan ƴan Nijar za su gan su. An kuma fara samun ayyukan da suka gane darajar mai bayani. A 2022 aka buɗe Mali Magic, da shafuka fiye da 40,000 na littattafan Tambutu. A Nuwamban shekarar aka buɗe Digital Benin, wanda ya haɗa kayan masarautar Bini fiye da 5,000 da ke warwatse a cibiyoyi 131 na ƙasashe 20. Abin da ya burge ni a nan shi ne an jera kayan da sunayensu na harshen Edo, ka taɓa ka ji an furta, ga kuma dattawa suna faɗin amfanin kowane. An dawo da tsohuwa bakin gadonta ke nan.

Mu fa? Rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 ya ce akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, 70,000 daga ciki a gidan tarihin Quai Branly kaɗai. Kundin wannan gidan yana intanet, na Landan ma haka, kuma wanda ya rubuta "Hausa" zai ga riguna da layu da takalma da linzami. Amma bayanin da ke ƙarƙashinsu yakan fi sanin sunan Baturen da ya kawo su fiye da sunan wanda ya ɗinka.

Babban labarin da ƙasar Tasawa ke riƙe da shi kuwa ba ya cikin gilashin kowa. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa. Ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni a watan Mayu, ta karkashe mutane a Koran Kalgo, ta shigo ƙasar Tasawa a watan Yuli. Ranar 14 ga wata Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da shi, a Dankori. Ranar 16 da 17 sojojinsu suka juya suka kashe Chanoine, sannan Voulet, a wajen Maijirgi, kuma kaburburansu suna nan. Sarauniya ta sami littafin Abdoulaye Mamani a 1980 da fim ɗin Med Hondo a 1986. Ƙauyukan gabas sai a 2020 fim ɗin African Apocalypse ya kai kyamara ya saurari jikokin waɗanda abin ya faru a kansu. Ka ƙara da zamanin da Tasawa ce mazaunin kwamandan Faransa na yankin kafin a mayar da shi Maraɗi, da tuɓe Sarki Barmu a 1927, da zamanin gyaɗa, da yunwar 1973 da ta 1984, da yadda manoma suka dawo da gawo cikin gonakinsu ta hanyar barin tsiro ya girma. Yaron Maijirgi yana iya zaga fadar Versailles ɗaki-ɗaki a waya, amma abin da ya faru a bayan garinsu sai in kakansa na da rai.

A ganina abin da ya rage shi ne a ɗauko dabarar 1962 a ɗora ta a kan kayan aikin yau. Rikodar da mushe ke jira daga Yamai yanzu tana aljihunsa, da kyamara a jikinta. Aji guda zai iya kai wa maƙeri ko majemi ko mai saƙar tabarma ziyara, yara su yi tambaya da kansu, su ce Baba wannan me ake kiransa, Inna wa ya koya miki, a ɗauki minti biyar da Hausa. Irin wannan ba ya cin mega, don ta memori da Xender zai yawata, kamar yadda waƙa da wa'azi ke yawata daga kasuwar Mayahi zuwa ta Tasawa. Tun da dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu sauran hujjar cewa bayani sai da Faransanci. Wurin ajiya ne zai ba da wahala, don waya tana lalacewa, ana sayar da ita, mushe kuma ana canja masa wurin aiki. Sai an sami kwafi a lakwal, kwafi a gidan rediyon gari, kwafi kuma a wani rumbu na intanet irin Wikimedia Commons.

Akwai kuma hatsarin da Bura, inda aka tono mahayin dokin nan, ta koyar. An gano wurin a 1975 a ƙasar Tera, Boubé Gado ya yi tono na ilimi a 1983, aka nuna kayan a baje kolin Vallées du Niger da aka buɗe a Paris a 1993 kafin ya zagayo biranen Afirka ta Yamma. Da duniya ta gani, dillalai suka gani. Aka bi tsofaffin makabartun ana haƙa da dare, har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke fuskantar wawaso. Hoton tsohon takobi ko na Alƙur'anin hannu da aka ɗora tare da sunan gari da na gida talla ce ga mai saye, kuma a shekarar da damina ta gaza ba kowane magaji ne zai iya cewa a'a ba. Don haka duk malamin da zai fara wannan aiki ya nemi izinin mai kaya da na mai gari tukuna, ya ɗauki hannu yana aiki da baki yana bayani, kufai da kushewa da abin da ke ƙarƙashin gadon tsohuwa kuma ya bar su ba tare da ya nuna hanyarsu ba.